Ƙawancen 'Yan Adawar Indiya: Su Wa Ke Ciki, Kuma Yaya Aka Raba Kujeru?

A zaɓen majalisar wakilan Indiya na 2019, jam'iyyar BJP ta Firaminista Narendra Modi ta ci kujeru 303 da kusan kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u. A zaɓen 2024 kasonta na ƙuri'u bai ragu da ko kashi ɗaya cikakke ba, amma kujerunta suka sauko zuwa 240, ƙasa da 272 da ake buƙata kafin jam'iyya ta kafa gwamnati ita kaɗai. Wani ɓangare na dalilin shi ne BJP ta ƙaru a jihohi irin su Odisha da Telangana, abin da ya rufe asarar da ta yi a arewa idan aka haɗa lissafin ƙasa. Ɗaya ɓangaren, wanda shi ne batunmu, shi ne a mazaɓu da dama ƙuri'un adawa da suka saba watsewa gida uku ko huɗu sun taru a kan mutum ɗaya. Ƙawancen da ya yi wannan aiki shi ne wanda aka laƙaba wa suna INDIA, kuma ya tashi da kujeru 234.

Kafin a fahimci wannan ƙawance sai an san filin da ake wasan. Majalisar wakilan, wadda ake kira Lok Sabha, tana da mazaɓu 543, kowace mazaɓa wakili ɗaya, kuma wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne ya ci, ko da bai kai rabi ba. Babu zagaye na biyu. Ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Wanda ya tara rinjaye a majalisa shi ake rantsarwa. Idan BJP tana da 40 cikin ɗari a wata mazaɓa, jam'iyyun adawa biyu kuma suna da 35 da 25, BJP ce za ta ɗauki kujerar duk da cewa mutum shida cikin goma ba su zaɓe ta ba. Wannan lissafi shi ne dukan hujjar haɗakar.

Mai karatu a Najeriya zai tuna 2013, lokacin da ACN da CPC da ANPP da wani tsagi na APGA suka narke suka zama APC. Abin da aka yi a Indiya ba maja ba ne. Babu jam'iyyar da ta ajiye sunanta ko alamarta. Hukumar zaɓen Indiya jam'iyyu take yi wa rajista, ba ƙawance ba, don haka kalmar INDIA ba ta fito a kan na'urar zaɓe ba. Mai zaɓe yana ganin tafin hannu na Congress, ko keken Samajwadi, ko fitowar rana ta DMK, ko fitilar ƙwai ta RJD. Ƙawancen a aikace alkawari ne kawai: a mazaɓa kaza ni ba zan ba kowa takardar tsayawa ba, zan kuma ce wa mutanena su danna alamarka. Babu kotun da za ta hukunta wanda ya saɓa.

Jam'iyyun da suka hallara a taron Bengaluru na 18 ga Yuli 2023, inda aka raɗa sunan, guda 26 ne, kuma suka kai 28 a taron Mumbai ƙarshen watan Agusta. Yawan bai kamata ya ruɗi kowa ba. Kusan goma ne masu nauyi, sauran kuwa ƙanana ne masu ƙarfi a gunduma biyu ko uku, ko a cikin al'umma guda.

Cikin ƙawancen, Congress ce kaɗai take da rassa a kusan kowace jiha. Ita ta mulki ƙasar mafi yawan shekarun da suka biyo bayan 1947, amma ta faɗo zuwa kujeru 44 a 2014 da 52 a 2019. Abin da ya sa zama da ita yake da wuya shi ne yawancin ƙawayenta daga jikinta suka yanki nama suka girma. Mamata Banerjee ta fice daga Congress ta kafa Trinamool a 1998. Sharad Pawar ya kafa NCP a 1999 bayan ya ƙalubalanci Sonia Gandhi, shugabar Congress a lokacin, a kan cewa haifaffiyar Italiya ce. DMK ta kori Congress daga mulkin Tamil Nadu a 1967, kuma har yau Congress ba ta sake komawa kujerar ba. Jam'iyyar Samajwadi ta Uttar Pradesh, wadda Mulayam Singh Yadav ya kafa a 1992 ɗansa Akhilesh ya gada, da RJD ta Lalu Prasad a Bihar, sun fito ne daga gidan siyasar da aka gina a kan adawa da Congress, kuma su suka kwashe mata ƙuri'un Musulmi da na al'ummomin da aka bari a baya. AAP ta Arvind Kejriwal an haife ta a 2012 daga zanga-zangar yaƙi da rashawa da aka yi wa gwamnatin Congress. Saboda haka duk lokacin da Congress ta nemi ƙarin kujeru a wata jiha, jam'iyyar jihar tana ganin tsohon maigida ne ya dawo neman gonarsa.

Akwai kuma gabar da ke tsakanin ƙawayen su da kansu. 'Yan gurguzu na CPI(M) sun mulki Bengal ta Yamma shekara 34, daga 1977 zuwa 2011, Mamata ce ta kawar da su bayan rikicin da aka zubar da jini a kan filayen noma. A Kashmir, National Conference ta gidan Abdullah da PDP ta Mehbooba Mufti masu zaɓe ɗaya suke nema. Sai Shiv Sena ta Uddhav Thackeray, jam'iyyar kishin Hindu da ta yi shekaru tana tare da BJP har zuwa 2019, sai ga ta a tabarma ɗaya da jam'iyyar Musulmi ta IUML daga Kerala da kuma DMK, wadda tushenta adawa ne da fifikon 'yan ajin Brahmin, waɗanda suke sama a tsarin ajin gado na Hindu. Lokacin da Udhayanidhi Stalin na DMK ya soki aƙidar Sanatana ta addinin Hindu a watan Satumba 2023, maganar ba ta cutar da jam'iyyarsa a gida ba, amma ƙawayenta na arewa suka yi ta shan tambayoyi a kanta. Zaman 'yan marina ne na gaske, kowa da inda ya sa gaba.

Shi ya sa ƙawancen bai taɓa fitar da takardar manufofi guda ba, bai kuma tsayar da wanda zai zama firaminista ba. A taron Delhi na 19 ga Disamba 2023 Mamata ta kawo sunan shugaban Congress Mallikarjun Kharge, Kejriwal ya mara mata baya, Kharge ya ce a ci zaɓe tukuna. Nitish Kumar na Bihar, wanda shi ya kira taron farko a Patna ranar 23 ga Yuni, bai samu muƙamin jagoranci da ake ganin yana hanƙoro ba. Ranar 28 ga Janairu 2024 ya koma wajen BJP. Jam'iyyarsa ta JD(U) ta ci kujeru 12, kuma su da 16 na TDP ta Andhra Pradesh ne suka riƙe gwamnatin Modi ta uku. RLD ta Jayant Chaudhary, mai ƙarfi a cikin manoman Jat na yammacin Uttar Pradesh, ita ma ta bi sahu cikin 'yan makonni.

Babban kuskuren da aka tafka shi ne jinkiri, kuma Congress ce ta jawo shi. Bayan taron Mumbai ta jingine maganar rabon kujeru har sai an gama zaɓukan jihohi na ƙarshen 2023, da fatan za ta ci ta zo teburin ciniki da ƙarfi. A Madhya Pradesh ta hana Samajwadi ko 'yan kujeru kaɗan, Akhilesh ya fito fili ya nuna ɓacin ransa. Da sakamako ya fito, Congress ta sha kaye a Madhya Pradesh da Rajasthan da Chhattisgarh, Telangana kawai ta samu. An ɓata wata uku, kuma ta dawo teburin da rauni fiye da yadda ta bar shi. Abin lura shi ne wannan raunin ne ya amfane ta daga baya. Ta tsaya takara a mazaɓu 328 kacal, adadi mafi ƙanƙanta a tarihinta, ƙasa da 421 na 2019, amma kujerunta suka tashi daga 52 zuwa 99.

Rabon kujeru ba a Delhi ake yin sa ba, jiha-jiha ake yi, kuma ciniki ne na ƙwaƙƙwafi. Kowace jam'iyya tana zuwa da jerin mazaɓun da take so. Ka'idar farko ita ce wanda yake riƙe da kujera a bar masa. Ta biyu, inda BJP ce ta ci, a duba wanda ya zo na biyu a zaɓen baya. Daga nan rigima take farawa, domin kowa yana zaɓar shekarar da ta yi masa daɗi: wannan ya kawo alƙaluman 2009, wancan ya kawo na zaɓen jiha na kwanan nan. Mazaɓar majalisar ƙasa takan ƙunshi mazaɓun majalisar jiha biyar zuwa takwas a manyan jihohi, sai a ƙirga nawa kowa yake riƙe da su. Bayan haka a duba lissafin al'ummomin gado da ake kira jati: Yadav nawa, Kurmi nawa, Dalit (waɗanda suke can ƙasan tsarin ajin gado) nawa kuma na wane reshe, Musulmi nawa. Ba adadin kujeru kaɗai ake jayayya a kai ba. Ana iya ba ƙaramin abokin tafiya kujeru goma sha biyar waɗanda babu mai cin su, babba ya riƙe masu tsoka.

Tamil Nadu ita ce misalin inda komai ya zauna daidai a 2024, saboda babu gardama a kan wa ne babba. Cikin kujeru 39, an tsaya a 22 da alamar DMK, Congress ta karɓi 9, CPI da CPI(M) da VCK ta 'yan Dalit kowace 2, MDMK da IUML ɗai-ɗai. Sun cinye duka 39. Wannan ƙawance ya girmi INDIA, ya shiga zaɓen 2019 da na jiha na 2021 tare, don haka wakilan rumfunan zaɓe sun san juna, mai zaɓe kuma ya saba da danna alamar da ba ta jam'iyyarsa ba.

Wannan sabo shi ne abin da masana zaɓen Indiya suka fi damuwa da shi: shin ƙuri'a za ta bi umarnin shugaba ta koma wani gida? Ba kullum take bi ba. A 2019 Samajwadi ta haɗa kai da BSP ta Mayawati a Uttar Pradesh, haɗin da a takarda ya isa ya girgiza BJP, amma suka tashi da kujeru 15 cikin 80, BSP 10, Samajwadi 5. A ƙauyuka da yawa mai gonar Yadav da ɗan ƙwadagon Dalit suna da tsohuwar tsama, kuma musabahar shugabanni a kan mumbari ba ta goge ta ba.

A 2024 Akhilesh ya sauya dabara, kuma a nan ne zaɓen ƙasar ya juya. Ya ba Congress kujeru 17, ya bar wa Trinamool ɗaya, ya riƙe sauran. An daɗe ana yi wa jam'iyyarsa kallon ta Yadav da Musulmi, sai ya tsayar da Yadav biyar kacal, dukansu 'yan gidansu, da Musulmi huɗu. Sauran tikitin ya raba wa ƙananan al'ummomin da BJP ta janye a shekaru goma da suka wuce, irin su Kurmi da Kushwaha da Nishad da Pasi. Lissafinsa shi ne Yadav da Musulmi ba su da wani wurin zuwa, ƙuri'ar da ake buƙata ita ce ta ƙari. A mazaɓar Faizabad, inda garin Ayodhya yake, inda kuma Modi ya buɗe haikalin Ram a watan Janairu na shekarar, ya tsayar da Awadhesh Prasad, ɗan Dalit, a kujerar da ba a keɓe wa Dalit ba, kuma ya ci. Taken BJP na neman kujeru sama da 400 ya ƙara wa wannan dabara ƙarfi, domin 'yan adawa sun yi ta faɗa wa talakawa cewa mai neman irin wannan rinjaye so yake ya taɓa kundin tsarin mulki da guraben aiki da karatu da aka ware wa marasa galihu. Samajwadi ta ci 37, Congress 6, BJP ta sauko daga 62 zuwa 33. BSP da ta tsaya ita kaɗai ba ta samu ko ɗaya ba.

Maharashtra mai kujeru 48 ta zo da matsala ta daban. Biyu daga cikin ƙawayen uku (Congress da Shiv Sena da NCP) an tsaga su kafin zaɓe: Eknath Shinde ya ɓalle da yawancin 'yan majalisar Shiv Sena a 2022, Ajit Pawar ya yi wa kawunsa Sharad haka a 2023. Dokar hana sauya sheƙa ta 1985, bayan gyaran 2003, tana kare waɗanda suka ɓalle ne kawai idan sun kai kashi biyu cikin uku kuma suka haɗe da wata jam'iyya, don haka masu ɓallewar suka ce su ne jam'iyyar ta asali, hukumar zaɓe kuma ta miƙa musu suna da alama. Uddhav ya rasa kwari da baka ya koma wutar yula, Sharad Pawar ya rasa agogo ya koma mutum mai busa ƙaho. Koya wa miliyoyin masu zaɓe sabuwar alama cikin 'yan watanni aiki ne babba. A mazaɓar Satara, wani ɗan takara mai zaman kansa da aka ba alamar wani abin busa mai kama da shi a suna ya samu ƙuri'un da suka ɗara tazarar da aka kayar da ɗan takarar Pawar da ita. Duk da haka rabon 21 ga Uddhav, 17 ga Congress, 10 ga Pawar ya haifar da kujeru 30. A Sangli kuwa, da aka ba Uddhav kujerar da Congress take ɗauka tata ce ta gado, Vishal Patil na Congress ya tsaya a ƙashin kansa, 'yan jam'iyyarsa suka yi masa aiki a ɓoye, ya ci, sannan ya dawo ya mara wa ƙawancen baya.

Irin waɗannan ƙananan abubuwa sun fi jawabai yawan lalata haɗaka. A Madhya Pradesh kujera ɗaya tak aka ba Samajwadi, ta Khajuraho, sai jami'in zaɓe ya yi watsi da takardun 'yar takararta, ƙawancen ya koma neman wanda zai goya wa baya a cikin ragowar. A Surat an soke takardun ɗan takarar Congress da na mai jiran gadonsa, sauran suka janye, BJP ta ci babu hamayya. A Indore ɗan takarar Congress ya janye a ranar ƙarshe ya shiga BJP. A Banswara ta Rajasthan, Congress ta yanke shawarar mara wa jam'iyyar 'yan ƙabilu ta BAP baya bayan ta riga ta ba mutum tikiti, shi kuma ya ƙi janyewa, har ta kai jam'iyya tana roƙon jama'a kada su danna alamarta. Ɗan BAP ɗin ya ci, kuma wannan sassauci na barin kujeru uku ga ƙanana ya taimaka ƙawancen ya samu 11 cikin 25 a jihar da Congress ba ta ci ko ɗaya ba a zaɓuka biyu a jere.

Sai jihohin da aka ƙi rabawa. A Bengal ta Yamma Mamata ta tsaya ita kaɗai a duka kujeru 42, ta ci 29, ta kuma kayar da jagoran Congress a majalisa, Adhir Ranjan Chowdhury, ta hannun tsohon ɗan wasan kurket Yusuf Pathan. A Kerala Rahul Gandhi na Congress ya kara da Annie Raja ta CPI a Wayanad, alhali jam'iyyunsu suna taro tare a Delhi. A Punjab Congress da AAP sun gwabza, suka ci 7 da 3 cikin 13. Ba daidai ba ne a kira duk wannan gazawa. Inda ƙawaye biyu su ne na ɗaya da na biyu a jiha, haɗuwarsu tana barin BJP ita kaɗai a matsayin mafakar duk wanda ya gaji da gwamnatin jihar. Rabuwa a Kerala da Punjab ta fi haɗuwa riba. A Delhi kuwa, inda Congress da AAP suka haɗu suka raba kujeru bakwai huɗu da uku, Kejriwal yana fitowa daga gidan yari a kan beli yana yaƙin neman zaɓe, BJP ta cinye duka.

Abin da ya biyo bayan zaɓen ya nuna iyakar wannan gini. Rahul Gandhi ya zama jagoran adawa, muƙamin da ya yi shekara goma babu kowa a kai saboda babu jam'iyyar da ta kai kujeru 55 a ɓangaren adawa. Amma kujeru 99 sun dawo wa Congress da tsohon halinta. A Haryana, watan Oktoba 2024, ta kasa daidaitawa da AAP, BJP ta ci 48 cikin 90. A Maharashtra wata ɗaya bayan haka, ƙawayen uku suka yi ta jan ciniki har gab da rufe karɓar takardu, suka tashi da ƙasa da kujeru 50 cikin 288. A zaɓen Delhi na Fabrairu 2025 Kejriwal ya rasa kujerarsa da ƙuri'u kusan dubu huɗu, ɗan takarar Congress kuma ya samu fiye da wannan adadi. A watan Yuli AAP ta sanar cewa ta fita. A Bihar, Nuwamba 2025, RJD da Congress da sauran ƙawaye sun tsayar da 'yan takara a kan juna a wasu mazaɓu, kuma ɓangaren BJP da Nitish ya ci 202 cikin 243. Ƙawancen ba shi da sakatariya mai aiki, ba shi da asusu guda, ba shi da wanda zai raba gardama idan reshen jiha ya turje. Indiya ta ga irin wannan a baya: haɗakar Janata ta kayar da Firaminista Indira Gandhi ta Congress a 1977 ta wargaje a 1979, gwamnatin V. P. Singh ta 1989 kuma ba ta cika shekara ba.

Gwaji mafi tsanani yana gaba, kuma ba a kan mutane yake ba, a kan lissafi ne. Yawan kujerun da kowace jiha take da su a Lok Sabha yana tsaye ne a kan ƙidayar 1971, an daskarar da shi har sai an samu ƙidayar farko bayan 2026. Jihohin kudu sun rage haihuwa, na arewa sun ƙaru sosai. Idan aka sake rabo bisa yawan jama'a, kason Uttar Pradesh mai kujeru 80 da Bihar mai 40 zai ƙaru, na Tamil Nadu mai 39 da Kerala mai 20 zai ragu. Babban ministan Tamil Nadu a lokacin, M. K. Stalin, ya tara shugabannin jihohin da abin zai shafa a Chennai a watan Maris 2025 don su ƙi amincewa. Amma ƙarin kujerun arewa riba ce ga Akhilesh da gidan Lalu kamar yadda take ga BJP, kuma Congress tana neman ƙuri'a a ɓangarorin biyu. A sakamakon zaɓen 2024, Samajwadi mai kujeru 37 da DMK mai 22 su ne suka zo ta biyu da ta huɗu a girma cikin ƙawancen, kuma a wannan batu abin da ɗaya za ta samu daga hannun ɗayar zai fita.